Ga mai son rubuta labarin ɗan Zango a Amurka bayan harin 2001

Kuskuren farko shi ne a ƙirƙiro Bature guda mai muguwar zuciya, a ɗora masa duk laifin, yana ta zagin mai hijabi a titi har ƙarshen littafi. Mai karatu a unguwannin Aboabo ko Asawase na Kumasi, a Gana, zai ji haushi a shafi biyu, daga nan ya gaji. Ƙyamar da ta biyo bayan 11 ga Satumba 2001 ta fi cizo ta hanyar takarda da layi da tambaya, kuma can ya kamata alƙalami ya daɗe.

Sai dai a tantance takardun. Daga ƙarshen 2002 zuwa 2003 Amurka ta tilasta wa baƙi maza 'yan shekara 16 zuwa sama daga ƙasashe 25 zuwa rajista, a ɗauki hoton yatsunsu, a yi musu tambayoyi. Gana ba ta cikin jerin, Najeriya ma haka. Saboda haka in jaruminka ɗan Kumasi ne mai tuƙin tasi a Bronx ta birnin New York, kada ka tura shi wannan layi. Tura maƙwabcinsa Bamisire ko ɗan Yaman mai kanti, shi kuma jarumin ya raka shi, ya dawo gida shi kaɗai. Wannan dawowar ta fi shafi goma na kuka.

In kuwa filin jirgi kake so, matsar da labarin zuwa Janairu 2010. Bayan yunƙurin Umar Faruk Abdulmutallab na tayar da bam ranar 25 ga Disamba 2009 a jirgin da ke zuwa Detroit, an sa Najeriya cikin ƙasashe 14 da ake tsananta wa bincike. Kuma a Accra aka sayi tikitinsa. Jami'i ya buɗe fasfo, ya ga Gana, ya ga sunan Umar ko Abdullahi: ga fage ya samu. Haruffa huɗu, SSSS, a kan takardar shiga jirgi sun isa nuna cewa za a ware mutum gefe.

Kada kuma a mai da jarumi waliyyi. Bar shi ya aske gemu don tsoro, ya ce wa fasinja sunansa Mo, ya ɓoye wa Hajiya gaskiya a waya saboda kuɗin ginin da take jira. Mai ƙyama ma ba ya tantancewa: Balbir Singh Sodhi da aka harbe a Arizona ranar 15 ga Satumba 2001 mabiyin addinin Sikh ne, rawaninsa kawai aka gani.

Muryar tsoron kuwa tana gida. Dattawan Zango da suka ga korar baƙi ta gwamnatin Firayim Minista Busia a Gana a 1969, lokacin da aka ba marasa takarda kwana 14 su fice, sun san yadda maƙwabci ke sauya fuska dare ɗaya. Zauna da su bayan la'asar, ka tambayi abin da aka fara sayarwa da wanda aka bar wa makulli.