Daga Aljihun Wa Ake Biyan 'Yan Wasan Jami'o'in Amurka?

Tun daga ranar 1 ga Yulin 2025 jami'o'in Amurka suka samu damar biyan 'yan wasansu kuɗi kai tsaye, abin da NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, ta daɗe tana haramtawa bisa hujjar cewa ɗan wasa ɗalibi ne, don haka karatu kyauta ya ishe shi lada. Sauyin ya biyo bayan ƙarar da Grant House, ɗan wasan ninƙaya na Jami'ar Jihar Arizona, ya shigar tare da wasu, wadda ta ƙare da sulhun da Mai Shari'a Claudia Wilken ta amince da shi ranar 6 ga Yunin 2025. Sulhun ya tanadi diyyar kusan dala biliyan 2.8 da za a biya cikin shekaru 10 ga waɗanda suka yi wasa tun daga 2016, ya kuma ba kowace jami'a izinin raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

A ganina biyan ya dace, har ma ya makara. Ƙungiyar jami'o'i ta Big Ten ta sayar wa gidajen talabijin na Fox da CBS da NBC haƙƙin nuna wasanninta a kan kimanin dala biliyan 7 na tsawon shekaru bakwai, yayin da Jami'ar Texas A&M ta sallami kocinta Jimbo Fisher a 2023 da alƙawarin ba shi sama da dala miliyan 75 alhali ba zai ƙara horar da kowa a can ba. Matasan da ake karya wa gwiwa da kafaɗa a filin ƙwallon Amurka (wasan da ake gudu da ƙwallo a hannu ana ture juna) kuwa, kafin sulhun ba su da kaso a cikin wannan dukiya, wato kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Inda nake da ja shi ne hanyar samo kuɗin, domin kotu izini ta bayar, ba ta bayar da ko sisi ba. An ƙayyade adadin ne a kan kashi 22 cikin ɗari na matsakaicin abin da manyan jami'o'i ke samu daga talabijin da tikiti da tallace-tallace, sai dai yawancinsu sun riga sun saba kashe wannan kuɗi tas a kan albashin masu horarwa da gine-gine na ƙawa. Maimakon a rage daga can, sai aka juya kan jama'a. Jami'ar Tennessee ta ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan tikitin ƙwallonta, ta kuma faɗa a fili cewa na biyan 'yan wasa ne. Wannan da sauƙi, tunda wanda ya sayi tikiti shi ya ga dama. Amma Jami'ar Clemson ta ɗora wa ɗalibanta kuɗin wasanni na dala 150 a kowane zangon karatu, kuma irin wannan yakan hau har kan ɗalibar da ta ci bashi don ta karanta aikin jinya, wadda wataƙila ba ta taɓa leƙa filin wasa ba. Ko da an ce ba aljihun 'yan wasa kuɗinta zai shiga ba, giɓin da biyansu ya buɗe yake toshewa.

Rabon ma bai tsira daga ƙorafi ba. Jami'o'i da yawa suna ware kusan kashi uku cikin huɗu ga ƙwallon Amurka, ƙwallon kwando ta maza ta biyo baya, sauran wasanni su yi ta wawar abin da ya rage. Wasu 'yan wasa mata sun ɗaukaka ƙara a kan yadda aka raba diyyar, suna dogaro da dokar 1972 da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar tallafin gwamnatin tarayya. Ita diyyar kuma ana cire wani babban ɓangarenta ne daga kason da NCAA ke tura wa jami'o'i duk shekara, har da ƙananan da ba su taɓa ganin kwangilar talabijin ta biliyoyin daloli ba.