Amaryar hoto da mijin takarda

Daren jiya barci ya ƙi zuwa sai na sake kunna fim ɗin Picture Bride, wato amaryar hoto, kallo na biyu ke nan, kuma wurin da ya tsaya min a rai karon farko shi ne dai ya sake tsaya min. Shekarar 1918, Riyo ta sauko daga jirgin ruwa a Honolulu ta Hawai, yarinya 'yar shekara 16 daga Yokohama ta ƙasar Japan, ta riƙe hoton wani saurayi kyakkyawa tana ta waige-waige cikin taron maza, sai ga wani magidanci da rana ta gama gasawa ya matso wai shi ne Matsuji, shi ne mijin. Ta dubi hoto ta dubi fuska, ta sake duban hoto. A zatonta kuskure aka yi. To ba kuskure, hoton nasa ne tabbas, sai dai na zamanin samartaka ne, yanzu mutumin ya ba arba'in baya.

Karon farko haushin Matsuji na ji sosai, na ce wannan ai damfara ce tsagwaronta. Jiya kam tausayinsa ya ɗan kama ni, ba don na wanke shi ba fa, ƙarya dai ya yi, amma na fara ganin cewa ba shi ya ƙulla auren nan ba, ba kuma ita ba. Doka ce ta ƙulla shi.

Abin da ya faru shi ne, tun 1885 Japanawa ke kwarara Hawai, tsibiran da daga baya suka koma ƙarƙashin Amurka, aikin kwantiragi a gonakin rake, yawanci maza gwauraye masu niyyar su yi 'yan shekaru su tara kuɗi su koma gida. Kuɗin bai taru ba, shekaru suka ja. Ana nan sai ƙyamar Japanawa ta yi ƙarfi a Amurka musamman Kalifoniya, har tsakanin 1907 da 1908 gwamnatocin biyu suka yi wata yarjejeniya ta fahimtar juna, Japan ta daina ba leburori fasfo na zuwa Amurka. Amma an bar ƙofa ɗaya a buɗe: wanda ya riga ya zauna can yana iya kawo matarsa da 'ya'yansa da iyayensa. To gwauro ina ya ga mata? Komawa gida neman aure kuɗin jirgi ne mai yawa, ga tsoron in ya daɗe a can a ɗauke shi aikin soja. Sai dabara ta zo, a aika hoto, dangi da ɗan tsakani su daidaita magana, a shigar da sunan yarinya cikin rajistar iyalin miji da suke kira koseki, shi ke nan a dokar Japan aure ya ɗauru ko da ango yana wata duniya. Matan da suka shiga Hawai kaɗai ta wannan hanya sun haura 10,000, ban da waɗanda suka sauka a tsibirin Angel kusa da San Francisco. Har ma akwai lokacin da hukumomin Amurka suka ƙi yarda da auren takardar, sai a tara su a bakin tashar jirgin ruwa a sake ɗaura musu aure a jere, mace ba ta ko gama gane wanne ne nata ba.

Kuma kar a ɗauka maza kaɗai ke ɓoye abu. Ita ma Riyo da nata sirrin ta zo, iyayenta tarin fuka ne ya kashe su, abin da a lokacin ke toshe wa yarinya hanyar aure a gida. Wato shi ya ɓoye shekaru ita ta ɓoye ciwon gidansu. Wannan ɓangaren fim ɗin ya burge ni don bai mai da kowa waliyyi ba.

A Birazil kuma abin juyewa ya yi, shi ya sa nake son a kalli fim ɗin Gaijin na darakta Tizuka Yamasaki da ya fito a 1980 tare da wancan. Can ba gwauraye ake so ba, masu gonakin kofi na jihar Sao Paulo iyali suke so, don mai iyali ba ya saurin gudu daga gona, sharaɗin shi ne kowane gida ya zo da aƙalla mutum uku masu iya aiki. Jirgin farko Kasato Maru ya iso tashar Santos ranar 18 ga Yuni 1908 da mutum 781, kuma da yawa daga cikin iyalan nan a takarda aka harhaɗa su, wannan ya ari ƙani, wancan ya ari mata, wani ya zama ɗan wani dare ɗaya. Haka aka yi wa Titoe a fim ɗin, an aura mata Yamada abokin yayanta don kawai lissafin ya cika su samu shiga jirgi. Babu zance, babu ko hoton ma. Daraktar daga labarin kakarta ta ɗauko shi, kuma ana jin haka a jikin fim ɗin, musamman wuraren abinci, yadda za ka ga an miƙo musu wake da busasshen nama da kitse suna kallo kamar an ba su dutse, mutanen da suka tashi da shinkafa da kifi. Ga kantin gona da ake cin bashi, ƙarshen kaka a buga lissafi ka ga kai ake bi.

Yanzu maganar karon al'adu. In aka ce fim ɗin baƙi ne, abin da mutum ke jira shi ne Bajapane ya haɗu da Bature ko ɗan Birazil a kasa fahimtar juna, a yi dariya ko a yi faɗa. Akwai wannan, ba na musu. A gonar raken Hawai ga luna, wato mai tsaron leburori, sau da yawa ɗan asalin Fotugal a kan doki, ba ya kiran kowa da suna sai da lambar abin da suke kira bango, wani ɗan ƙarfe mai lamba da aka rataya wa kowane lebura. Ga 'yan Filifin a layi na gaba ana biyansu daban ana biyan Japanawa daban don kar kansu ya haɗu, duk da haka a 1920 sai da suka yi yajin aiki tare a tsibirin Oahu. A Gaijin kuma ga 'yan Italiya masu ɗaga murya da hayaniya, ga Japanawa da aka koya wa haɗiye magana, kowa na ganin ɗan'uwansa kamar mahaukaci.

Amma ni karon da ya fi min zafi ba a gona yake ba, a cikin ɗaki yake, tsakanin mutum biyu masu yare ɗaya. Riyo 'yar birni ce, ta zo da lema da taushin hannu, matan gona suna mata dariya, shi kuma Matsuji ya yi shekaru fiye da ashirin a Hawai har Japanancinsa ya gauraye da kalmomin Hawai da Turancin gona, Japan ɗin da ke kansa ta zamanin da ya baro ta ce, wadda ita yarinyar ba ta ma sani ba. Shi yana ganin ya biya kuɗin jirgi saboda haka yana da mata, ita tana ganin an sayo ta ne da ƙarya, sai ta shiga wankau da dare tare da ƙawarta Kana tana tara 'yan sulalla a gwangwani don kuɗin komawa gida. Gwangwanin nan wallahi ya fi duk wata magana da aka yi a fim ɗin faɗin gaskiya. Ka yi tunanin miji yana kwance yana jin ƙarar kuɗin da matarsa ke ƙirgawa don ta bar shi.

Ko a cikin Japanawan ma ba ɗaya suke ba, mutum 325 daga fasinjojin Kasato Maru 'yan Okinawa ne, masu yarensu daban, kuma sauran na musu kallon raini. Sannan abin dariya, kalmar gaijin ma'anarta baƙo, bare, kuma su da suka zo ƙasar mutane su ne ke kiran 'yan ƙasar gaijin.

Wani abu da na so a Picture Bride shi ne waƙoƙin aiki da mata ke rerawa suna ɓare busasshen ganyen rake, holehole bushi. Sunan kansa gauraye ne, holehole kalmar Hawai ce ta ɓare ganyen, bushi kuma Japananci ne na waƙa. Mata na amsa wa juna daga layi zuwa layi, habaici ne da kewar gida da ƙorafin maza a ciki. Sai kuma shahararren ɗan wasan Japan Toshiro Mifune da ya leƙo na 'yan mintuna a matsayin benshi, mai tsayawa gefen allo yana fassara fim ɗin da ba murya, ya tsufa sosai a lokacin, cikin fitowarsa ta ƙarshe-ƙarshe ke nan kafin rasuwarsa a 1997.

Inda nake da ja da Picture Bride shi ne ƙarshensa. Bayan wuta ta cinye Kana a gonar rake tana neman ɗanta, Riyo ta yi yunƙurin gudu, ta dawo, ta haƙura, zuciyarta ta sauko, aure ya zauna. Na san haka ya faru da mata da yawa, kuma jikokinsu ne ke yin finafinan nan, ita daraktar Kayo Hatta a Hawai aka haife ta, to dole mai ba da labarin kakarsa ya so a ce daga baya an so juna, in ba haka ba shi daga ina ya fito? Masu kallo ma haka suke so, shi ya sa ya ci kyautar 'yan kallo a bikin finafinai na Sundance na 1995. Amma akwai matan da ba su haƙura ba, suka gudu da wani saurayi, abin da ake kira kakeochi, har jaridun Japanawa na Amurka na buga cigiyarsu da alkawarin tukwici ga wanda ya gano su. Akwai waɗanda suka zauna shekara hamsin da mutum ba so ba ƙi, sun haihu sun yi jikoki, ba ranar da wani abu ya narke a zuciya. Su nake so in gani a allo, mace ta tsufa a gidan mutum tana masa abinci tana kula da shi a ciwo, kuma ba ta taɓa yafe masa hoton nan ba.

Gaijin a nan ya fi min tsauri, kuma na fi yarda da shi. Yamada ciwo ya kashe shi a gona, Titoe ta ɗauki 'yarta ta gudu cikin dare da taimakon Tonho akawun gonar, ta ƙare a birnin Sao Paulo tana aikin masana'anta. Auren takardar ya yi aikin da aka ƙulla shi dominsa, ya tsallakar da ita teku, daga nan kuma ita ta san yadda ta yi.

Ƙofar Amurka ba ta daɗe ba, a 1920 Japan ta daina ba amaren hoto fasfo na shiga babban yankin Amurka saboda matsin lamba, a 1924 kuma dokar shige da fice ta Amurka ta rufe hanya gaba ɗaya, gwaurayen da suka yi jinkirin aika hoto da yawansu haka suka mutu ba aure. Birazil ce ta ci gaba da karɓa har ta zama ƙasar da ta fi kowace yawan masu asalin Japan a wajen Japan. Da Japan ta gyara dokarta a 1990 ta buɗe wa 'ya'ya da jikokin nan ƙofar zuwa aiki a masana'antunta, izinin ya haɗa da matansu da mazajensu, sai jiragen sama suka fara kwasarsu daga Sao Paulo, suka sauka da fuskar Japanawa da harshen Fotugal a baki, mutanen gari suna kiransu gaijin.