Godiya bayan zaman makokin Mama

Jiya Laraba da safe aka tashi daga zaman makokin tsohuwar da na shekara shida ina jinya a arewacin Landan. Bayahudiya ce, ta rasu tana da shekara 91, Mama nake ce mata. Tun da ta cika ban samu natsuwar amsa saƙonninku ba sai yau.

Godiyata ta farko ga 'yarta. Daren da Mama ta rasu hannunta yana cikin nawa, na ɗauka daga nan aikina ya ƙare, sai in tattara kayana. Ta riƙe ni, ta ce ba inda za ni sai an yi komai da ni.

Ina gode wa matan ƙungiyar da suke kira Hebra Kadisha, masu wankan gawa don Allah. Mata ne ke wanke mace, su sa mata farin likkafani marar aljihu, a akwatin katako marar ado, mai kuɗi da talaka duk iri ɗaya. Ba a bar gawar ita kaɗai ba, akwai wanda ya zauna kusa yana karanta Zabura har lokacin ɗauka. Washegari Alhamis aka kai ta maƙabartar Bushey. Ba sa jinkirta gawa, kamar mu, kuma ba sa binnewa ranar Asabar. Mu a Kano mata ba sa rakiyar gawa, don haka ranar na fara tsayawa a bakin kabari. Na ga an tsaga rigar ɗanta ta hagu, daidai zuciya, haka ake yi wa uwa ko uba. Ya zuba ƙasa da shebur, bai miƙa wa na bayansa ba, ya soke shi a tarin ƙasa, shi ma wancan ya zare da kansa. Ƙarar ƙasar nan a kan katako har yau tana kunnena.

Maƙwabciyarsu, wata dattijuwa, ke ce kika tsare ni daga jin kunya. Na yi niyyar sayen furanni kamar yadda Turawa ke yi, kika ce ba al'adarsu ba ce. Na ce to zan dafa shinkafa in kai, kika ce gidan masu kiyaye dokar kosha ne, wato ƙa'idar abincin Yahudawa, ba za su ci abin da aka dafa a tukunyata ba, in kai dabino da lemo. Sai babban darasin: in na shiga kada in yi dogon gaisuwa, in zauna shiru har mai makoki ya fara magana. Wannan ya yi mini wuya, ni da na saba da "ya haƙuri" tun daga bakin ƙofa. Na zauna, an lulluɓe madubai, kyandir na ci dare da rana, 'ya'yan suna kan gajerun kujeru kusa da ƙasa. Mun fi minti goma ba wanda ya ce uffan, sannan 'yar ta ɗago ta ce, "Me ta ce miki a ƙarshe?" Da na cika ɗakin da surutu, da ba ta samu ƙofar tambayar nan ba.

'Yan uwana mata uku da kuka bar aikinku kuka rako ni ranar Lahadi da hijabanku, Allah Ya saka da alheri. Iyalin sun ji daɗin zuwanku ƙwarai. Da fita kuka faɗa musu abin da Yahudawan Ingila ke faɗa wa mai makoki, fatan tsawon rai, kuka ƙara da namu: Allah Ya ba da haƙuri.

Na gode wa mazan unguwa da ke zuwa kowace yamma don a cika mutum goma, in ba su cika ba ɗanta ba zai karanta addu'ar Kaddish ba. Zai ci gaba da karanta ta wata 11.

Masu kira daga gida suna mini ta'aziyya kamar uwata ce ta rasu, Allah Ya bar zumunci. 'Yarta ta ce kafin shekara ta zagayo za a kafa dutsen kabari, kuma in zan zo in taho da ƙaramar tsakuwa in ɗora a kai. Na ce mata in Allah Ya kai mu zan zo.