Abin da Steam ke dubawa a wasanka, da abin da ya bar maka

Mu biyu muka haɗa wasan, ni da abokina mai zane. Ƙaramin wasan kwamfuta ne na wasa ƙwaƙwalwa, kuma a Steam, kasuwar sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, muka fitar da shi. Shiga ba wuya. A da, zamanin tsohon tsarin shiga mai suna Greenlight, sai masu buga wasa sun kaɗa maka ƙuri'a kafin a karɓe ka. Tun 2017 da kamfanin Valve, mai Steam, ya kawo sabon tsari mai suna Steam Direct, dala 100 kawai za ka biya a kan kowane wasa, ka cike takardun banki da na haraji, ka jira kwana 30. Idan cinikinka ya kai dala 1,000 ma sai a mayar maka da kuɗin.

Suna dubawa kafin a saki wasa, amma dubawar tana da iyaka. Ma'aikatansu sun kunna namu suka ga yana tashi, sannan suka gwada abin da muka rubuta a shafin talla da abin da ke ciki. Mun rubuta cewa ana iya buga shi gaba ɗaya da hannun gem, sai suka dawo mana da shi, domin akwai wuri ɗaya da ba ya motsi sai da linzamin kwamfuta. Sun yi gaskiya, muka gyara. Amma ko wasan na da daɗi, ko yana tsayawa cak a mataki na goma, wannan ba aikinsu ba ne.

Mai duba inganci na ainihi shi ne mai saye. Tun 2015, wanda ya sayi wasa zai iya karɓar kuɗinsa cikin kwana 14 matuƙar bai buga shi awa biyu ba. Shi ya sa muka fi ba farkon wasan ƙarfi. Muka nemo mutanen da ba su san mu ba, domin aboki yakan ji nauyinka ya ce komai ya yi. Sai mu zaunar da mutum, mu yi shiru muna kallo. Shirun nan akwai wuya, ka ga mutum yana ta lalube a inda kai ko ido rufe za ka wuce. A haka muka gane umarninmu na farko ba ya shiga kai. A wata tsohuwar kwamfuta kuma muka gano cewa idan ta mutu ana cikin ajiye ci gaban mai wasa, duk wahalarsa ta tafi. Da a ce masu saye ne suka fara cin karo da wannan, da mun ji jiki, domin Steam na fara nuna makin wasa da zarar mutum 10 sun rubuta ra'ayinsu.

Wasu na cewa a rufe ƙofar saboda tarkace ya yi yawa. Tarkacen akwai shi, har a 2017 Valve ya cire wasanni sama da 170 masu alaƙa da wani kamfanin haɗa wasanni mai suna Silicon Echo Studios. Ni dai ban goyi bayan rufewa ba, don da ƙofar a rufe take, irinmu ba za mu taɓa shiga ba. Wasa na biyu da muke kai yanzu, ta Steam Playtest, tsarin Steam na gwajin wasa, za mu fara ba mutane su gwada, kafin mu sa ranar fitarwa.