Ambulan da ke cikin adakar Malam

Tun hantsi Inna ta sa ni fitar da kayan adakar marigayi Malam domin a shanya su, saboda gara ta fara taɓa gindinta. A ƙarƙashin wani tsohon rawani na tarar da ambulan guda wanda ya yi ja don tsufa, da kan sarki mai hoton Sarki Joji na Shida, da hatimin 1938, da 'yar shuɗiyar takarda a kusurwa mai nuna cewa ta jirgin sama aka aiko shi daga Ingila, zamanin da Malam yake akawu a kantin sayen gyaɗa.

Da Kawu ya zo bayan la'asar na nuna masa, ya juya shi a hannu ya ce lallai jirgin ya ratso hamada ne kai tsaye daga arewa. Na ce, "Kawu, a gafarce ni, ta gabas ya zo." A wancan lokaci jiragen kamfanin Imperial Airways masu sauka a kan ruwa suna tashi ne daga Sawtamton ta Ingila, su yada zango a Marsai ta Faransa da Atina da Iskandariya, sannan su bi kogin Nilu har Hartum. A can ake sauke jakunkunan wasiƙunmu a ɗora wa ƙaramin jirgi mai inji huɗu, DH.86, wanda ya fara zuwa Kano a 1936, ya biyo ta El Obeid da El Fasher da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, da Maiduguri.

Kawu ya yi dariya har ya tuɓe hula, ya ce shi bai yarda da jirgin da ya kasa zaɓa tsakanin sama da ruwa ba. Na yi ƙoƙarin bayyana masa cewa manyan filayen sauka ba su da yawa a lokacin, alhali kogi da tafki suna nan ba sai an gina su ba, amma hankalinsa ya riga ya koma kan sunayen garuruwan. Ya yi shiru, sannan ya ce ai wannan ita ce hanyar da kakarsa ta bi a ƙasa zuwa Makka, kuma ba ta dawo ba, domin a Sudan ta rasu. Ban taɓa jin wannan labari ba sai yau, ni da nake taƙama da sanin tarihin gidanmu.

Ambulan ɗin kuwa babu komai a cikinsa. Na zazzage rawanin da sauran takardun har sau biyu ban ga wasiƙar ba, Inna kuma ta ce Malam ya saba kunna fitila da duk takardar da ya gama karantawa. Kawu ya nemi in bar masa ambulan ɗin, na ce sai gobe, kuma har yanzu yana nan a ƙarƙashin matashina.