Kawu ya kashe min baki a Lagos Street

Ƙarfe sha ɗaya saura yanzu, kowa ya yi barci har Kawu da ya jawo min wannan rashin barcin, ina jiyo minsharinsa daga ɗakin baƙi hankalinsa kwance abinsa.

Da safe lafiya lau muka fita. Na kai shi Wapa ya canza sefar da ya zo da ita daga Nijar, ya tsaya ciniki da ɗan canji kamar mai sayen akuya, daga nan Kwari ya duba masu riƙe masa kuɗin shadda, biyu sun biya ɗaya ya ce sai jibi. Rana ta yi, muka ci shinkafa da wake. Ba wani abu.

A hanyar dawowa ne go-silo ya sa na yanke ta Lagos Street, daidai Babban Banki sai ga jiniya, motar kuɗi za ta shiga, 'yan sanda suka tsayar da mu. Muna tsaye Kawu ya sauke gilashi yana ƙare wa wajen kallo sama da ƙasa, can ya ce, kai yaro, wanga gidan yari ne ko mi? (Shekarata arba'in da biyu, 'ya'ya huɗu, amma har gobe yaro nake a wajensa.) Na ce haba Kawu, ai CBN ne, reshen Kano. Ya ce to mi ya sa bai yi kama da Kano ba?

Na yi dariya na ce banki ne fa ba gidan sarki ba, me za a yi da ado a inda ake ajiye kuɗi. Wlh da na sani na yi shiru. Ya gyara zama, ya ce in je Bamako in ga reshen nasu bankin, BCEAO, babban bankin ƙasashensu masu sefa, shi Beseyawo yake cewa. Hawa ashirin a bakin kogin Kwara, launin ƙasa, daga nesa kamar suri, samansa da wasu ƙahonni kamar zankwayen soron malam, kuma da gangan aka yi shi ya ɗauko fasalin masallatan ƙasa na Jenne da Tumbutu. Ya ce duk zuwan da yake yi sarin shadda, in mota ta hau gada ya hango shi, ya san ya iso Mali, ba sai an faɗa masa ba. Ya ce ku kuwa kuna da Gidan Makama, kuna da Gidan Rumfa, kuna da ganuwa da ƙofofi, magina sun ƙare ne a Kano?

Na ce to ai ku ƙasa takwas ce ke raba banki ɗaya, dole kowace ƙasa ta so nata ya fito daban, mu kuwa ƙasa ɗaya ce rassa talatin da bakwai, kowace jiha da nata har da Abuja, wa zai tsaya yi wa kowanne zanko. Ni a raina na ba da amsa. Sai ya zura hannu aljihu ya zaro jikka goma ya miƙo min, ya ce duba lambar, ka ga wani harafi? Na ga H. Ya ce to wannan ta Nijar ce, ta Mali D, ta Sanagal K, ta Kwaddibuwa A, duk kuɗi ɗaya ne amma kowace takarda ta san gidan ubanta. Hedikwata na Dakar tun 1978 da aka ɗauko ta daga Paris, babban reshen Nijar na Yamai, sannan ga ƙanana a Maraɗi da Damagaram. Yana faɗa yana lissafawa da yatsa kamar shi ya gina su, mutumin da ko asusun banki sai da 'ya'yansa suka matsa masa ya buɗe.

Ni ma dai na ce ba za a bar ni a baya ba na zaro dubu ɗaya. Na juya bayanta na nuna masa dogon ginin gilashin nan na hedikwatar Abuja, na ce ga namu, har a jikin kuɗi muka sa shi. Na juyo gaba na ce wannan Alhaji Aliyu Mai-Bornu, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe bankin a 1963 bayan Baturen da aka fara da shi, wannan kuma Clement Isong da ya gaje shi, ga ajami nan naira dubu, kai ma za ka iya karantawa. Ya karɓa ya kai ta kusa da ido, ya daɗe a kan ginin, ya ce yana da kyau, irin shi na gani a Dubai. Direban adaidaitan da ke gefenmu har da ƙyalƙyalewa, ashe yana jin mu.

Duk wannan raha ce, mun saba, ni da Kawu in ba mu yi musun Najeriya da Nijar ba abinci ba ya faɗa mana. Abin da ya tsaya min shi ne wanda ya faɗa bayan an buɗe hanya, a hankali ma ya faɗe shi, yana ɗaga gilashi. Ya ce amma ubanka ya shiga ƙofar can ya fi sau ɗari, bai taɓa ba ka labarin cikinta ba?

Na yi shiru har muka wuce shataletale.

Don gaskiya ne. Marigayi Baba kashiya ne a bankinsu shekara da shekaru, kuma shi ake haɗawa da motar kuɗi in za a je Santaral, haka yake kiran wajen, bai taɓa cewa CBN ba. Daga bakinsa na fara jin cewa bankin bankuna ne, ni da kai ba mu da asusu a can, shi ya sa ba za ka ga layin masu cirar albashi ba balle ATM a jikin katanga. Bankuna ne ke kai rarar kuɗinsu su ajiye, su ɗebo sababbi, su mayar da yagaggu da waɗanda suka sha manja a kasuwa a tantance a lalata, a zamaninsa har cak ɗin bankuna a can ake haɗuwa a yi musayarsu. Kano kuwa da kasuwanninta dole a ajiye mata rumbun kuɗi a kusa, ba za a jira mota daga Legas ba, lokacin ma hedikwatar tana can wajen Tinubu Square, kuma ƙasar Kano ta haɗa har da su Dutse da Haɗeja da Gumel kafin a yanke Jigawa a 1991.

Labarai kam ya ba mu. Na 1973 da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, fam ɗaya naira biyu, sule kwabo goma, yana cewa tsofaffi sun yi shekaru suna lissafi da fam a ka kafin su yarda su karɓi canji. Na lokacin yaƙin basasa, yadda kuɗin da ke rassan Inugu da Fatakwal da Benin suka faɗa hannun 'yan Biyafara har gwamnati ta canza takardun kuɗi gaba ɗaya a Janairun 1968 don waɗancan su zama takardar tsire, kuma a nan yake ɗaga yatsa ya ce kun ga dalilin katanga ke nan, wanda ya riƙe reshe ɗaya ya riƙe wuyan yanki guda. Na 1984 da aka sauya launi, suka yi kwanaki sai dare yake shigowa gida yatsunsa sun yi baƙi da ƙirga. Duk na riƙe waɗannan, har shekarun na riƙe, kun san ni da son shekaru. Amma ko sau ɗaya ban ce Baba, in ka wuce get ɗin me kake fara gani ba. Bene ake hawa ko ƙasa ake sauka, akwai sanyi, ina kuke zama ku jira, da wa kuke gaisawa. Tambayar da Auta zai yi cikin minti ɗaya. Ni na zauna da mutumin nan shekara talatin da wani abu ban yi ta ba, kuma ina bin titin nan kusan kullum, abin da idona ya sani katanga, get, bindiga, sai jiniya. Sau ɗaya na taɓa rage gudu na kalli wajen sosai, a Fabrairun 2023 da mutane suka yi dafifi da tsofaffin kuɗi a leda da buhu, shi ma mutanen na kalla.

Bayan la'asar na biya wajen Hajiya da kwanon furar da Kawu ya kawo mata. Na ɗan kewaya sannan na tambaye ta. Ta ce ita ina ta sani, malam ba ya kawo zancen ofis gida. Can tana dama fura sai ta ce abin da ta sani dai, ranar da ya je Santaral tana ganewa tun daga zaure, rigarsa ƙamshin sabon kuɗi take yi, kuma aljihunsa cike da robar ɗaure kuɗi, da ita take ɗaure muku ƙullin gyaɗa in za ku makaranta. Ta yi dariya. Ni ban iya ba, na ce bari in je in yi alwala alhali da alwalata.

Na tuna robobin fa. Jajaye da ruwan ƙasa, muna harbin ƙuda da su.

Sai wajen isha amsar da ta kamata in ba Kawu ta zo min, ina cikin wanka: to ku da ginin naku mai zanko, a ina ake buga sefar? A Faransa, wani gari Chamalières, kuma an ɗaure ta da yuro, sefa 655.957 a yuro ɗaya, ba ta motsi sai da shi. Na fito da sauri da tawul, mutumin har ya yi barci da rediyo a kunne. Na gwada ta a kan uwargida, ta ce kai ma naka kuɗin ai an sha bugo su a waje duk da kuna da kamfanin bugawa a Legas da Abuja, kar ka je ya ƙara kashe maka baki da safe. Ita ko a gefen wa take oho.

Maganin tarin Auta ya ƙare, na manta ban saya ba. Wuta tun azahar. Mai gyaran famfo bai zo ba yau ma.

Jibi zan mayar da Kawu Kwari wajen mai bashin nan, ta Lagos Street za mu bi ko da go-silo ko babu. Akwai wani tsoho abokin aikin Baba a Fagge da rabona da shi tun ranar sadakar bakwai, Hajiya ta ce tana jin yana nan da ransa, ta ce in na je in kai masa goro fari, ja ba ya ci.