Gansakukar fangalin Baba da buhun yuriya

Ina koyar da aikin gona a wata sakandare a ƙasar Auyo, kuma kowane rani ina taya Baba noman shinkafa a fadamar Haɗeja. Tun ina yaro yake sa mu kwashe gansakukar da ke taruwa a kan ruwan fangali, a cewarsa tana cinye taki. Ni kuwa na karanta cewa wata irinta, koriya mai shuɗi-shuɗi, bakteriya ce da ke rayuwa da hasken rana kamar tsiro, tana kuma ɗebo naitirojin daga iska ta mayar da shi taki. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma a haka shinkafa ba ta iya amfana da shi.

Na ce bari in gani da idona. Na ɗebo ta a gwangwani, na ɗora ɗigo a madubin likita na makaranta. Sak carbi: ƙwayoyi jere a zare ɗaya, bayan kowace goma zuwa ashirin sai ga ɗaya da ta fi girma, ta fi kaurin bango, launinta a kwance. Masana na kiran zaren Anabaena, babbar ƙwayar kuma hetarosis, kuma a cikinta ake aikin. Sinadarin da ke kama naitirojin ba ya jure wa oksijin, ga shi sauran ƙwayoyin oksijin suke fitarwa wuni guda. Shi ya sa wannan ɗayar ta daina fitar da shi, ta gina wa kanta katanga. Maƙwabta su aiko mata da sukari, ita kuma ta aika musu da taki. Na daɗe ina kallo ina ta tasbihi.

Na raba ta a baho uku da ruwan rijiya. Ɗaya na bar shi a rana haka nan, ɗaya na kai cikin zaure inda ba haske, na ukun kuma na zuba masa cokalin yuriya, da tunanin in na ciyar da ita za ta fi aiki. A nan na yi kuskure. Bayan kwana goma bahon yuriya ya yi kore shar, na yi ta murna, amma da na duba sababbin zaruruwan sai na tarar babu manyan ƙwayoyin, kuma wata gansakuka ta daban, wadda ba ta kama komai daga iska, ta fara rinjaye. Na wanke ɗan abin da ya rage, na mayar da shi ruwan da ba yuriya tare da ɗan takin supa. Cikin kwana biyu manyan ƙwayoyin suka dawo.

Dalilin tsada ne. Kama ƙwayar naitirojin ɗaya na cin ma'aunin ƙarfi 16 na abin da ake kira ATP, wato makamashin da ƙwayoyin halitta ke aiki da shi, yuriya kuwa naitirojin ce a shirye. Wa zai tafi daji neman itace bayan an sauke masa kai guda a ƙofar gida? Bahon zaure kuwa dushewa ya yi, tunda ba rana ba sukari. Akwai ma jajayen 'yan uwanta a cikin taɓo, irin su Rhodospirillum rubrum, da ke kashe aikin cikin mintuna da zarar sun ji amoniya, wadda yuriya ke rikiɗewa ta zama, ko duhu ya shigo, su sake kunnawa in hali ya canja.

Daga nan na gane cewa watsa yuriya a kan ruwa, yadda muka saba, asara biyu ce: wani kaso ya bi iska, ma'aikatan da ke yi mana kyauta kuma su ajiye aiki. Na ce, "Baba, a ba ni fangali biyu in gwada binne takin." Ya ce, "To malam, in ta ƙi kai za ka sayi iri baɗi." Muka cusa yuriya cikin taɓo, zurfin santimita 7 zuwa 10, a tsakiyar kowane gindi huɗu. Aiki ne mai karya ƙugu, ban kuma yarda da masu cewa gansakuka za ta maye gurbin buhun taki ba. Taimako take yi. Amma carbin nan ya zauna a ruwan fangalina da manyan ƙwayoyinsa har shinkafa ta rufe sama ta tare haske.

Yanzu yara ba sa kwashe ta. Idan muka shiga cire ciyawa, tattake ta muke yi cikin taɓo, domin sai ta ruɓe takin da ta tara yake isa saiwar shinkafa.